Wayar tebur na maimaita magana: in sayi sabuwar adafta?

Tambaya: Ina da shagon kayan gini a Dei-Dei, Abuja. Na haɗa tsohuwar wayar tebur da adaftar intanet ta kamfanin Grandstream, wato na'urar da ke ba wayar tebur damar kira ta intanet. Abokan ciniki na korafin suna jin muryarsu tana dawo musu, ni kuwa ba na jin komai. Wani mai gyara a Banex ya ce in sayi sabuwar adafta. In saya?

Amsa: Alhaji, riƙe kuɗinka tukuna. A harkar amsa-kuwwa, wanda yake jin muryarsa tana dawowa galibi ba a wajensa matsalar take ba. Muryarsa ce ta je ɗaya ɓangaren, ta zarce ta komo. Tunda abokan cinikinka ne ke ji, daga shagonka take dawowa, kuma hanya biyu take bi.

Ga gwajin da zai raba gardama. Kira wani, ka danna madannin da ke kashe makirfo, ka ce ya ci gaba da magana. Idan amsa-kuwwar ta ɗauke, sautin sifika ne ke komawa cikin makirfo. Rage ƙarar wayar, ka daina magana a buɗaɗɗiyar sifika, musamman a shago mai tayil da ƙofar ƙarfe. In an yi haka ba ta daina ba, aro wata wayar ka jona. Sau da yawa ita wayar ce ta gaji, kuma ta fi adafta araha nesa ba kusa ba.

Idan kuwa makirfo a kashe yake amma yana jin kansa, to a cikin layin lantarkin take. Wayar tebur igiya biyu gare ta, su ke ɗaukar magana mai shiga da mai fita a tare, adafta ce ke raba su. In ma'aunin turjiyar lantarki na wayar bai dace da na adaftar ba, wani sashe na muryar sai ya koma inda ya fito. Adaftoci da yawa suna zuwa a saite kan om 600, tsarin Amurka, alhali wayoyin gwanjo da aka yi wa Ingila ko Jamus nasu ma'aunin daban ne. Shiga shafin saitin adaftar ta kwamfuta, sashen FXS, wato na kafar da ake jona wayar, ka zaɓi ƙasar da aka yi wa wayar. A nan kuma ka tabbata mai soke amsa-kuwwa a kunne yake, sannan ka rage ƙarfin sauti da dB 2 ko 3 (dB shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), ka gwada, ka ƙara ragewa in da buƙata. Kada ka zabge shi gaba ɗaya, sai a daina jin ka. Ka kuma cire doguwar igiyar da aka yi wa haɗe-haɗe, ko tsohon layin bango da ya rage tun zamanin NITEL.

Sai duk wannan ya gaza za a yi maganar sayayya. Ko a lokacin, ni wayar IP zan ce ka saya, wato wayar intanet wadda ake jonawa kai tsaye a rauta, na'urar da ke raba intanet, domin ba ta da wannan mahaɗar igiya biyun.

Tambaya: Ni ce nake jin muryata, amma sai in na kira ɗiyata a Landan. In canja kamfanin intanet?

Amsa: Hajiya, tunda lamba ɗaya ce, daga can take dawowa. Ki ce ta sa abin kunne ko ta rage sifika. Jinkirin intanet ba ya haifar da amsa-kuwwa, fito da ita fili yake yi. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada jinkirin tafiyar murya ya wuce milisakan 150. Ki jona adaftar da igiya a rauta, yara su dakata da sauke bidiyo lokacin kira. Canjin kamfani ba zai gyara sifikar Landan ba.