Mijina ya fitar mini da haƙori, yana neman kuɗin khul'i: ya halatta in je wurin lauyoyin kyauta?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni mazauniyar Ƙauran Namoda ce, shekarata tara a gidan miji, 'ya'yanmu uku. Maigidana yana dukana tun ina goyon fari, ina ta haƙuri. Mai unguwa ya zaunar da mu sau biyu, ya yi alkawari ya karya. Watan jiya ya doke ni har haƙorina na gaba ya fita, sai da maƙwabta suka shigo suka ƙwace ni aka kai ni asibiti. Yanzu ina gidan yayana. Na nemi ya sauwaƙe mini, ya ce sai na mayar masa da sadakinsa da kuɗin lefe, in kuma bar masa yaran. Yayana ya sayar da tumakinsa ya kai rabin kuɗin. Wata nas ta gaya mini akwai lauyoyi a Gusau masu tsaya wa mata irina kyauta. Amma kawuna ya ce haramun ne, wai lauya da ƙarya yake cin abinci, wai kai ƙara ne wurin ɗagutu, kuma tona asirin aure ne. Malam, in na je wurinsu na yi zunubi?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

'Yata, Allah ya ba ki lafiya, ya saka wa yayanki da alheri. Zuwa wurin lauyoyin nan ya halatta, babu zunubi a kanki, kuma shawarata ki je. Amma kafin mu kai ga lauya, ki gaya wa yayanki yau ɗin nan ya dakata, kada ya ƙara kai ko naira ɗaya, kada kuma ki sa hannu ko dangwala yatsa a kan wata takarda da mijinki ko danginsa suka kawo.

Kin ambaci haƙorin da ya fita, da maƙwabtan da suka shigo, da zaman mai unguwa, kin wuce su a gurguje, alhali su ne suka juya hukuncin gaba ɗaya. Khul'i na matar da ta ƙi zaman aure ne ba tare da miji ya cuce ta ba, ita ce take fansar kanta da dukiya. Wadda aka cuta ba ta sayen 'yancinta. Allah ya hana miji ya ƙuntata wa mace domin ya karɓe wani abu daga cikin abin da ya ba ta, a aya ta 19 ta Suratun Nisa'i. A mazhabarmu ta Malikiyya, wadda kotunan Zamfara suke hukunci da ita, Shehu Khalil ya faɗa a littafinsa Mukhtasar cewa mace tana da haƙƙin a raba aurenta saboda cutarwa bayyananniya, ko da shaidu ba su shaidi cewa an maimaita ba. Sau ɗaya ya isa. Bai ma tsaya nan ba, ya ce ko da an riga an yi khul'in, ana mayar mata da dukiyar idan cutarwar ta tabbata, ko ta hanyar labarin da ya yaɗu a bakin mutanen unguwa, ko da rantsuwarta tare da shaida namiji ɗaya ko mata biyu. Kuɗin tumakin yayanki, in Allah ya so, abin da za a nemo ne a gaban alƙali. Idan kuwa ya riga ya furta sakin a kan wannan kuɗi, sakin ya auku, kuɗin kuma ya dawo.

Shi kansa haƙorin yana da nasa hukunci. Imam Malik ya ce a Muwaɗɗa idan mutum ya ji wa matarsa rauni da gangan, kamar ya karya mata hannu ko ya tsiyaye mata ido, ana yi mata ƙisasi a kansa, idan kuwa raunin ya zo ba da nufi ba sai ya biya diyya. Diyyar haƙori ɗaya raƙuma biyar ce. Alƙali ne zai tantance wanne ne ya faru a gidanku, ni ban ji ta bakin mijinki ba. Amma bisa abin da kika faɗa, ke ce kike bin sa bashi. Renon yara kuma naki ne bayan rabuwa matuƙar ba ki yi wani aure ba, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan mijinta, ciyarwa da tufatarwa a kan uba. Dalilin da na hana ki sa hannu ke nan: malamanmu sun ce mace tana iya sarayar da reno a cikin khul'i, kuma sharaɗin ya ɗaure ta.

Shekara tara kina cikin wannan hali babu wanda ya gaya miki waɗannan hukunce-hukunce, har aka sayar da dabbobi. Amfanin lauya ke nan a lamarinki.

Yanzu maganar kawunki. Ina girmama shi, kuma na san kishin addini ne ya sa shi faɗa, amma ra'ayin nan kuskure ne, kuma ya daɗe yana cutar da mata a ƙasar nan, shi ya sa zan tsawaita a kansa.

Aikin lauya shi ne abin da littattafan fiƙihu suke kira wakilci a husuma, wato tsaya wa mutum a shari'a, kuma ya girmi kotunan Turawa da ƙarnoni. An ruwaito cewa Sayyidina Aliyu ya kan wakilta ɗan'uwansa Aƙilu ya tsaya masa a shari'a, daga baya ya wakilta Abdullahi ɗan Ja'afar. Wa ya kai Aliyu fasaha da sanin hukunci? Duk da haka ya wakilta. Saɓanin da aka samu tsakanin malamai ƙarami ne: Imam Abu Hanifa ya sharɗanta yardar abokin shari'a in babu uzuri, almajiransa biyu suka saɓa masa. Mu a wurinmu Khalil ya yanke magana, ya ce ya halatta a wakilta mutum ɗaya a husuma ko da abokin shari'a ya ƙi. Saboda haka ko mijinki ya tashi a kotu ya ce bai yarda da lauyanki ba, maganarsa ba ta da tasiri. Abin lura ɗaya shi ne a kawo wakilin tun farko, domin malaman sun hana wakiltawa bayan mutum ya zauna da abokin shari'arsa a gaban alƙali wajen zama uku, sai da uzuri.

Kuma Annabi (SAW) da kansa ya gargaɗi masu kawo masa ƙara, a hadisin Ummu Salama, cewa wataƙila wani ya fi wani iya tsara hujja, sai ya yi masa hukunci bisa abin da ya ji. Idan haka za ta iya faruwa a gaban Manzon Allah, ina ga kotun da alƙali yake da shari'o'i jibge a gabansa? Macen da ba ta taɓa shiga kotu ba, ga kunya, ga mijin da take tsoro yana harararta, alƙali ya tambaye ta me take nema sai ta ce saki kawai take so ko nawa ne za ta biya. Da wannan kalma ɗaya ta mayar da shari'arta khul'i da bakinta. Mai hana ta wakili, ko bai nufa ba, ya taimaki wanda ya fi ta baki.

Batun ɗagutu kuwa, ayar da ake kafa hujja da ita tana magana ne a kan wanda ya guje wa hukuncin Allah ya zaɓi waninsa. Ke ina za ki? Kotun shari'ar Musulunci, a jihar da ta fara aiwatar da shari'a a watan Janairun 2000, gaban alƙali Musulmi mai duba littattafan Malikiyya irin su Mukhtasar da Tuhfa, kuma in an ɗaukaka ƙara Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke Gusau za a je. Lauya ba ya yanke hukunci, yana tsara ƙara ne, ya kira shaidu, ya nuna wa alƙali nassin da ya dace. Da yawa daga cikinsu sun karanta shari'ar Musulunci tare da dokar ƙasa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ko Ahmadu Bello ta Zariya, ko Bayero ta Kano. A gaskiya wanda ya guje wa hukuncin Allah a wannan lamari shi ne mai neman kuɗin da Alƙur'ani ya haramta masa.

Cewa lauya da ƙarya yake cin abinci, akwai masu yin haka, kuma aya ta 105 ta Suratun Nisa'i ta hana mutum ya zama mai kare maha'inta. Zunubin yana kan wanda ya san ɓarna ce ya tsaya mata. Akwai 'yan kasuwa masu tauye mudu, ba a haramta ciniki ba. Wanda ya tsaya wa wadda aka zalunta bai karɓi ko kwabo ba, ina fata masa lada mai yawa.

Tona asiri kuma, Allah ya ce ba ya son bayyana mummunar magana sai ga wanda aka zalunta. Hindu 'yar Utba ta kai ƙarar rowar mijinta Abu Sufyan wurin Annabi (SAW) ba a tsawata mata ba. Asirin da maƙwabta suka shigo suka gani da idonsu, wane rufi ya saura masa? Abin da zan hana ki shi ne ɗaukar hoton raunin a watsa a Facebook ko WhatsApp, ko zagin uban 'ya'yanki a gidajen biki. Ki kai maganar inda za a yi hukunci, ki tsaya nan.

Wasu za su ce ƙungiyoyin lauyoyin kyautar nan da kuɗin ƙasashen waje suke aiki. Karɓar taimakon wanda ba Musulmi ba a kan abin da yake halas babu laifi, Annabi (SAW) ya karɓi kyautar Muƙauƙisu sarkin Masar. Sharaɗin shi ne kada a nemi ki yi abin da ya saɓa wa addininki, in an nema ki tashi. Neman shawara ya halatta daga kowa, amma wanda zai tsaya miki a gaban alƙali ki nemi Musulmi masanin fiƙihun aure, in an samu mace ya fi miki sauƙin buɗe ciki.

Inda za ki nufa: Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976, tana da ofis a kowace jiha, kuma dokarta ta 2011 ta tanadi taimako ga wanda abin da yake samu bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wato naira 70,000 tun 2024. Aikinta ya fi yawa a kare waɗanda ake tuhuma, saboda haka in suka ce ba za su shiga kotu a shari'ar aure ba, ki nemi su ba ki shawara su tura ki gaba. Akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, wadda irin wannan ne aikinta, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, akwai kuma ƙungiyar lauyoyi Musulmi ta MULAN. Ki tafi da katin asibiti, ki nemi likita ya rubuta rahoton raunin, ki riƙe sunayen maƙwabtan da suka shigo da waɗanda aka ba da kuɗin tumakin a gabansu. Tun zaman farko ki tambaya me ke kyauta, me za ki biya, domin kuɗin shigar da ƙara da na mota sukan faɗo kan mai ƙara. Duk abin da kika biya ki karɓi rasit. Ki kiyayi masu rakuɓewa a bakin kotu suna cewa sun san alƙali, cin hanci haramun ne ko da gaskiya tana hannunki.

Ki faɗi abin da ya faru daidai yadda ya faru. In mari biyu ne kada ya zama goma, in kin taɓa zaginsa kada ki ɓoye wa lauyanki. Kuma har yanzu ke matar aure ce, ki je da yayanki, kada ki keɓe da wani namiji da sunan taimako, kada ki saurari mai yi miki maganar aure.

Akwai abin da yake damuna wanda ya wuce tambayarki. Ke kin yi sa'a wata nas ta yi miki magana, kuma Ƙaura ba ta da nisa da Gusau. Matan Zurmi da Shinkafi da Ɗansadau fa, waɗanda hanyar kanta abin tsoro ce? Waɗanda 'yan bindiga suka keta wa haddi suna zaune a gidajen dangi cikin shiru fa? Su babu laifi a kansu ko kaɗan, Imam Malik ya ce uƙuba tana kan wanda ya yi fyaɗen, kuma sai ya biya ta sadakin irinta. Alƙali Ibnul Arabi, malamin Malikiyya, ya ce fashi a kan mutuncin mata ya fi fashin dukiya muni. Wadda abin ya faru da ita a gaggauta kai ta asibiti cikin awa 72, domin a wannan lokaci ne maganin kariya daga ƙanjamau yake aiki. Muna da Hukumar Zakka da Waƙafi a jihar nan, muna da masu hali. Ba wa matalauciya zakka ta biya kuɗin mota da na kotu ya halatta babu saɓani, tana cikin faƙirai. Waƙafin da zai riƙe lauya ɗaya a hedikwatar ƙaramar hukuma, ya zauna ranar kasuwa yana sauraron mata, sadaka ce mai gudana. Limamai da 'yan Hisba da masu unguwa su ma ya kamata su san lambar wayar ofisoshin nan, su daina mayar da mace ɗakin da aka ji mata rauni da kalmar haƙuri kawai. Sulhu alheri ne, amma sulhun da zai halatta wa miji dukiyar haram ba shi da inganci.

Kawunki kada ki yi masa gardama. Yayanki ya karanta masa wannan amsa cikin ladabi, in ya yarda ya raka ku ya fi kyau. In bai yarda ba, ba a buƙatar izininsa wajen neman haƙƙinki. Kada ki koma gidan mijin ke kaɗai ko da ɗauko kaya ne, kuma zamanki a gidan yayanki saboda tsoron duka ba ƙaurace wa miji ba ne da zai zubar da ciyarwarki. Idan ya zo da tuba kuma zuciyarki ta karkata ga komawa, zaɓinki ne, ba zan hana ki ba, amma a yi shi gaban alƙali a rubuce, ya mayar da kuɗin yayanki tukuna, a kuma rubuta abin da zai biyo baya in ya sake ɗaga miki hannu.

Wallahu a'alam.