Tambayoyi da Amsoshi: Tana Kik, Ta Ƙi Tashi

Saƙonnin wannan makon duk a kan mota suka zo. Tunda motar yanzu kwamfuta ce ke ba ta mai da wuta, maganar ta shigo hurumina.

Tambaya: Malam, motata tana kik da ƙarfinta amma ta ƙi tashi. Na cire kan batir na mayar don kwamfutar ta wartsake, na sa an canza fulogi da kwayil da famfon mai, har yanzu shiru. Me ya rage in saya?

Amsa: Ɗan'uwa, a yadda kake tafiya, taya da kujeru kawai suka rage maka. Ka dakata da sayayya haka nan.

Cire kan batir ɗin nan shi ya fi ɓata mini rai. Duk lokacin da wani sashe ya sami matsala, kwamfutar mota tana ajiye lamba, tare da bayanin halin da injin yake ciki a daidai lokacin. A motoci da yawa, kana cire kan batir ka goge wannan duka. Motar ta rubuta maka abin da ke damunta, kai kuma ka yaga takardar ba ka karanta ba, ka koma canki-canka da kuɗinka. Mota ba waya ba ce da za a kashe a kunna ta warke.

Tun 1996 motocin da ake sayarwa a Amurka suke zuwa da mahaɗar OBD-II mai ramuka 16, wato soket ɗin da ake karanta waɗannan lambobin ta cikinsa, masu fetur na Turai kuma tun 2001. Tana ƙarƙashin dashbod, ɓangaren direba. Ka nemi ƙaramar na'urar karanta lambobi mai suna ELM327 ka soka a nan, ka haɗa ta da wayarka. Mai Android ya sauke manhajar Torque ko Car Scanner. Mai iPhone ya nemi na'urar da ke aiki da Wi-Fi ko Bluetooth LE, don tsohon samfurin ba ya haɗuwa da ita. Tawa ba ta barin cikin mota, kuma ba na yarda a kwance ko noti ɗaya sai na ɗauki hoton lambobin da ta nuna.

Yanzu ga abin yi. Murɗa makulli fitilun dashbod su kama, kada ka yi kik, ka kasa kunne wajen tanki. Ya kamata ka ji famfo ya yi ɗan gurnani na daƙiƙa 2 ko 3. In shiru, duba fis da rile, domin sabon famfo ma ba zai yi aiki babu wuta ba. Sannan ka yi kik kana kallon juyin inji a manhajar. Lafiyayyiyar mota za ta nuna wajen juyi 200 a minti. In ya tsaya a sifili alhali kana jin injin yana juyawa, to sensar karanshaf, wadda ke sanar da kwamfuta juyin inji, ita ce abar zargi, ko wayar wutarta. Idan kwamfuta ba ta ga inji yana juyawa ba, ba za ta saki wuta ga fulogi ba, ba za ta buɗe injekta ba. Lambar da aka saba gani ita ce P0335. Ko ta fito, a fara duba soket da waya kafin a sayi sensa, don lambar tana nuna da'irar ce gaba ɗaya.

Kuma ka daina danne kik kamar kana faɗa da shi. Daƙiƙa 10, ka saki, ka ba shi minti guda ya huce.

Tambaya: Makullina ya ɓace, na yanko sabo. Yana buɗe ƙofa, yana kik, amma ba ta tashi.

Amsa: Hajiya, ƙarfe kika yanko. A kan makullin asali akwai ɗan guntun cif da motar ke ganewa, in babu shi ɓarawo ta ɗauke ki. Dubi dashbod, za ki ga alamar makulli ko kwaɗo tana ƙyaftawa. Sai an saita makulli mai cif da na'ura.

Tambaya: Da sanyin safiya na tayar da ita na ɗan matsar, na kashe nan take. Da na dawo ta ƙi tashi, sai warin fetur.

Amsa: Mai ya yi mata yawa, fulogi sun jiƙe. Taka totur har ƙasa, ka riƙe, ka yi kik. A yawancin motocin injekta wannan yana sa kwamfuta ta yanke mai har injin ya share. Tana kamawa ka ɗaga ƙafa.

Tambaya: Tana cikin tafiya ta mutu. Yanzu in na yi kik injin yana juyawa da sauri, sakayau, ba irin ƙarar da na sani ba.

Amsa: Cire hannunka daga makullin. Wannan alama ce taimin bel, wato bel ɗin da ke daidaita motsin bawul da fistin, ya tsinke, inji ba ya matse iska. A wasu injinan fistin yana dukan bawul idan haka ta faru, kuma kowane kik ƙarin ɓarna ne. A ja ta zuwa wurin bakanike, ya buɗe murfin bel ɗin ya gani kafin a sake taɓa makulli.