Wankan mage da Dettol saboda ƙuma

Malama kin ce magenki ta cika da ƙuma, kina tambaya ko ki zuba Dettol a ruwa ki yi mata wanka. Gaskiya kar ki yi, ko ɗigo ɗaya. Mage ba kamar kare ba ce, ana gama wankan zama za ta yi ta lashe jikinta tas, duk abin da ya saura a gashin, cikinta zai tafi, kuma sinadarin da ke cikin Dettol guba ne gare ta. Haka maganin kaska na karnuka mai permethrin, shi ma yana kashe mage, kar wani mai shago ya ce miki ai duk ɗaya ne.

Ni tawa a nan Unguwar Rimi sai da na kai ta wurin likitan dabbobi, ya ɗiga mata magani na mage a ƙeya inda harshenta ba ya kaiwa, amma fa ƙumar ba ta ƙare ba sai da na wanke tsumman da take kwanciya da ruwan zafi na share ɗakin sosai, don ƙwan a nan yake zuba. In wankan ya zama dole, musamman lokacin hunturu, ki bari sai rana ta take, ruwan ɗumi, ki goge ta da tawul ta bushe.