Tambaya da Amsa: VPN ta yanke ban sani ba, in sauya manhajar rautar gidanmu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Aboabo, a nan Kumasi, ina yi wa wani kamfani na ƙasar waje aikin shigar da bayanai daga gida. Sharaɗinsu shi ne kada in taɓa aikin sai ta VPN, wato rufaffiyar hanyar da ke bi da intanet ɗina ta sabar da suka amince da ita. Sau biyu ke nan tana yankewa ina ta aiki ban lura ba, har aka ja mini kunne. Wani abokina mai gyaran waya a Adum ya ce in sa wa rautarmu wata manhaja mai suna OpenWrt in kunna abin da ya kira kil-suwic, wato makatsin da ke tsayar da intanet in VPN ta yanke. Rautar mai sim ce, duk gidan da ita muke amfani, da ita Umma take magana da yayana da ke Jamus. In yi ko kada in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Shawarar abokinka mai kyau ce, amma ka bar wa Umma rautarta. Yawancin masu sim ɗin nan da kamfanonin waya ke sayarwa ba sa karɓar OpenWrt, in ma ta karɓa, kuskure ɗaya zai bar gidan gaba ɗaya babu intanet. Kuma in duk gidan ya koma bin VPN, wasu manhajojin banki kan yi gardama in sun ga mutum ya shigo da adireshin wata ƙasa. Ka sayi rauta ta biyu, ka jona ta da kebul a bayan ta gidan, ta zama ta aikinka kai kaɗai. Kafin ka kashe ko sidi ɗaya, ka tambayi kamfanin ko sun yarda a ɗora VPN ɗinsu a kan rauta, su kuma ba ka fayil ɗin saiti na WireGuard ko OpenVPN, wato nau'o'in VPN guda biyu. In sun ce sai ta manhajarsu ta kwamfuta, to ka duba cikinta, da yawa suna da nasu makatsin.

OpenWrt manhaja ce kyauta da aka gina a kan Linux, tana maye gurbin wadda rauta ta zo da ita daga masana'anta. Tun 2004 ake aikinta, asalinta kuma daga rautar Linksys WRT54G ne, bayan an matsa wa kamfanin ya saki tushen manhajarsa. In ka je Adum, ka juya rautar ka karanta takardar da ke ƙasanta. Sunan samfuri kaɗai bai isa ba, sai da lambar zubi, wato inda aka rubuta v2 ko v5, domin rauta biyu masu suna ɗaya kan zo da kayan ciki daban. Ka tsaya a gaban mai shagon ka duba jerin na'urori a shafin OpenWrt kafin ka biya. Ka nemi mai ma'ajiyar megabait 16 da RAM 128 ko sama. Tsofaffin nan masu 4 da 32 an daina yi musu sabuwar manhaja, kada arha ta ja ka. TP-Link Archer C7 ta daɗe tana wannan aikin, rautocin GL.iNet kuwa da tsarin OpenWrt suke zuwa, babu ruwanka da sauyi.

Ranar sauyin, ka ɗauko fayil mai kalmar factory a sunansa, shi ne na karon farko. Mai sysupgrade na sabuntawa ne daga baya. Ka yi da kebul, ba ta wayifai ba, kuma ka jona rautar a UPS, wato batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, ko inbata. Ina nanata wannan ne saboda ya taɓa ni. A shekarun da dumsor, wato yawan ɗauke wuta a Gana, ya tsananta na zauna yi wa wata makarantar Islamiyya a Asawase irin wannan aikin, rubutun ya kai rabi aka ɗauke wuta. Rautar ba ta sake tashi ba sai da na kwana biyu ina fama da ita ta hanyar TFTP, wata hanyar tura mata fayil ta kebul, malaman kuma suna jira. Sauyin na minti biyar ne, amma a cikinsu ba a cire wuta, ba a danna komai. In ta tashi za ka same ta ta burauza a adireshin 192.168.1.1, wayifai a kashe, babu kalmar sirri. Ka fara sa kalmar sirri. In ta gidan ma wannan adireshin gare ta, ka mayar da taka 192.168.2.1 don kada su yi karo.

Yanzu makatsin, wanda shi ne ainihin damuwarka. Abin da ya same ka shi ne, da VPN ta faɗi, kwamfutarka ta ga tsohuwar hanya a buɗe ta bi, ba tare da ta ce maka uffan ba. A OpenWrt maganin ba wani maɓalli ba ne da ke gadi yana jiran ya ga matsala ya yanke. Toshe tsohuwar hanyar ake yi tun farko. A shafin saitin rautar, ka shiga Network, sannan Firewall. Za ka ga shiyyar lan, wato na'urorinka, an ba ta izinin wucewa zuwa wan, wato intanet kai tsaye. Ka ƙirƙiri sabuwar shiyya ka sa mata suna vpn, ka sa WireGuard ɗinka a ciki, ka kunna mata Masquerading, ka bai wa lan izinin wucewa zuwa gare ta, sannan ka cire izinin lan zuwa wan. Kamar gida mai ƙofa biyu ne aka liƙe ɗaya da bulo: in zauren ya rufe, kowa ya zauna ciki. Na fi amincewa da wannan a kan makatsin manhajar kwamfuta, domin yana aiki tun daga lokacin da rauta take tashi, kafin VPN ta haɗu, kuma nan ne aka fi samun yoyo.

Wannan ƙa'idar ba ta shafi abin da ita rautar take aikawa da kanta ba, kamar tambayar adireshin shafuka da ake kira DNS. Ka saita ta ta yi amfani da DNS ɗin da ke cikin fayil ɗin VPN, ka hana ta karɓar na wan.

Na fi son WireGuard, wadda ta shiga cikin Linux a 2020, don ba ta wahalar da ƙaramar rauta kamar OpenVPN. Sai dai tana da wani hali da ya shafe mu a nan. Yawancin rautoci ba su da batirin agogo, in wuta ta ɗauke ta dawo sai agogonsu ya koma baya, ita kuwa WireGuard tana duba lokaci wajen gaisawa da sabar, in sabar ta ga tsohon lokaci sai ta ƙi amsawa. Za ka ga fitilu duk a kunne amma babu intanet. Kada ka buɗe ƙofar wan don haushi. Ka shiga System ka danna inda ake daidaita agogon rauta da na burauza, VPN za ta haɗu. In ka bar rautar a kan ƙaramin UPS, da wuya ka ci karo da wannan.

Kafin ka koma aikin kamfanin, ka gwada da hannunka. Buɗe shafin da ke nuna adireshin IP, ka tabbata na VPN ne ya fito ba na Gana ba. Sannan ka shiga Interfaces ka tsayar da WireGuard da gangan, ka sake loda shafin. In ya buɗe, akwai sauran aiki. Bayan haka ka cire wutar rautar ka mayar, ka riƙa lodawa tana tashi, ka ga ko wani abu zai zille. Ka kuma goge wayifai na gidan daga kwamfutar aikinka, domin in taka rautar ta mutu, kwamfutar da kanta za ta koma ta Umma. Ka gaishe mini da ita.