Tambaya da Amsa: Jirgin balan-balan zai iya dakon kaya masu nauyi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji ana cewa manyan jiragen balan-balan za su dawo su riƙa dakon kaya masu nauyi. Da gaske ne, ko daɗin bakin masu neman jari ne? Kuma ba irinsu ne suka kama da wuta a da ba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ɗaga kayan ba shi ne abin wuya ba, sauke su ne.

Mu fara da lissafi. Abin da ke ɗaga jirgin shi ne iskar gas da aka ɗura masa wadda ba ta kai iskar waje nauyi ba, wato hiliyom ko haidirojin. Kubik mita ɗaya na iskar hiliyom yana ɗaga kimanin kilo ɗaya, na haidirojin kuma kilo 1.1. A ciki za a cire nauyin ƙashin jirgin, da fatarsa, da injuna, da mai. Abin da ya rage shi ne na kaya. Shi ya sa dole ya zama katafare. LCA60T da kamfanin Flying Whales na Faransa ya zana, tsawonsa mita 200 ne, don ya ɗauki tan 60. Mi-26 na Rasha, gagarabadau a cikin jirage masu saukar ungulu, tan 20 ne iyakarsa.

To, ga inda gizo ke saƙar. Iskar da ke cikin jirgin ba ta daina ɗagawa don an sauke kaya. Da zarar kugiya ta saki tan 60, jirgin ya yi sauƙi da tan 60, zai zabura sama. Fitar da hiliyom waje asara ce, don tsada gare ta, kuma daga rijiyoyin gas ake tace ta a ƙasashe ƙalilan kamar Amurka, Katar da Aljeriya. Sai dai a yi musaya: ana sassauta igiyar kaya, ana tura ruwa ta mesa zuwa tankunan jirgin. Tan 60 kuwa lita 60,000 ke nan, kuma dole ruwan da famfonsa su riga jirgin isa wurin. Idan jeji ne marar hanya, wa zai kai su? Duk wannan ana yinsa ne jirgin na tsaye a sama, iska na bugun gefensa, kayan na lilo a ƙasa. Ko rana ta fito daga gajimare ta ɗumama iskar ciki, ƙarfin ɗagawa ya ƙaru ke nan. Man da injuna ke ƙonawa a hanya shi ma yana rage nauyi. Jiragen balan-balan na sojan ruwan Amurka a shekarun 1930, Akron da Macon, ruwa suka riƙa tatsa daga hayaƙin injin don cike gurbin nauyin.

Wata dabarar ita ce a ƙera jirgin ya ɗan fi iska nauyi, surar jikinsa ta ƙara masa ɗagawa idan yana tafiya. Haka Airlander 10 na Ingila yake, mai tsawon mita 92, wanda ya fara tashi a 2016. Amma tan 10 ne lissafinsa, kuma a tashi na biyu da hanci ya daki ƙasa.

Maganar wuta, jirgin Hindenburg da ya ƙone a Amurka a 1937 haidirojin aka ɗura masa. Hiliyom kuwa, wadda jirage irin su Airlander 10 ke amfani da ita, ba ta ci da wuta. Abin da ya fi kashe irin wannan shiri a yanzu kuɗi ne. Kamfanin CargoLifter na Jamus ya yi alƙawarin jirgi mai tan 160, ya gina masa makekiyar rumfa, ya karye a 2002 tun bai ƙera shi ba. Rumfar yanzu wurin wanka da shaƙatawa ce.

A ganinmu ba zai ƙwace kasuwar jirgin ruwa ba, don bai kai shi araha ba. Gudunsa kuwa wajen kilomita 100 ne a awa, na jirgin sama kusan 900. Gurbinsa shi ne kaya masu girma da za su je inda babu titi ko filin jirgi: fukafukan injin lantarki mai aiki da iska, taransifoma, gungumen katako daga tsaunuka, injunan haƙar ma'adinai. Idan kamfani ya tallata maka nasa, tambaye shi ko hukumar jiragen sama ta ba shi takardar izinin aiki, sannan a gudun iska nawa yake daina sauke kaya.