Amsa ga Malam kan lilon jirgin da ya buga masa kai

Malam, sannu da wuya. Ka ce lilon jirgin nan na wurin wasa mai gudu a kan dogo (roller coaster) da ka hau a Jidda ya yi ta gwara maka kai, kana tambaya ko Falcons Flight, lilon jirgin da ke Ƙiddiya kusa da Riyad, ma haka yake tunda ya fi gudu. Gudu ba shi kaɗai ne ke kawo jijjiga ba.

Abin yana ga yadda aka lanƙwasa dogon. Tsofaffin lilon, ana shiga kwana ne kwatsam, sai jiki ya tafi gefe, kai kuma ya daki ƙarfen nan da ke sauko wa kafaɗu. Na yanzu da kwamfuta ake zana su, kwanar tana juyawa ne daidai da ƙirjin mai hawa, shi ya sa ba ka jin fizga. Sannan akwai tayoyi: jeri uku ne suke riƙe dogo, na sama, na gefe, da na ƙasa. In sun ci, ko sun yi sako-sako, ko sabon dogo ne sai ya yi ta karkarwa kamar tsohuwar a-kori-kura.

Falcons Flight kamfanin Intamin ne ya ƙera shi, su ne suka yi lilon Formula Rossa na Abu Dhabi a 2010, mai gudun kilomita 240 a awa. Shi kuwa Falcons Flight yana kai 250, dogonsa ya haura kilomita 4, maganaɗisu ne ke harba shi.

Ni dai shawarata, ka nemi kujerar gaba ko tsakiya, ta baya ta fi fizga. Kuma kada ka cika ciki da kabsa, shinkafar nan ta Larabawa, kafin ka hau, na gwada, ban ji da daɗi ba.