Tulu a ƙasa ya fi zuba ruwa a saman komi

Ɗan'uwa, ka tambaya ko binne tulu mai ruwa, da zai riƙa tsatsowa zuwa saiwa, zai ishi tumatir da tattasai a tsananin bazara. Zai ishe su, in ka sami tulun da ya dace.

Nemi tulun ƙasa mai cin lita 8 zuwa 10, wanda ba a shafa masa siminti ko fenti ba. Cika shi da ruwa ya kwana. In da safe jikinsa ya yi gumi, ya yi. In ya bushe ƙamas, an gasa shi da yawa, ruwa ba zai ratsa ba.

Haƙa rami, gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki, ka binne tulun har wuya, bakin ya ɗan fito sama. Danna ƙasar ta manne da jikinsa, domin duk inda aka bar sarari ruwa ba ya tsallakawa. Dasa shuka huɗu kewaye da shi, tazarar santimita 15 zuwa 25 daga jikin tulun. A jigawa matso da su kusa, tunda yashi ƙasa yake janye danshi. Makon farko dai ka riƙa yayyafi ta sama har saiwa ta kama.

Cika tulun da ruwa, kada ruwan ya sauka ƙasa da rabi. Duba shi duk kwana biyu. Rufe bakin, saboda sauro da rana.

Ruwa mai laka ko gishiri shi ne babbar matsala: yana toshe ƙofofin jikin tulun. Bari lakar ta kwanta kafin ka zuba, bayan girbi kuma tono tulun ka kankare shi.